Talabijin a Cikin Kwali: Tarihin Heathkit da Masu Haɗa Na'ura da Hannunsu

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, rumbunan sojan Amurka sun kasance maƙil da kayan lantarki da babu mai buƙatarsu kuma: wayoyi, taransifoma, makunnai, da kwalaben gilashin nan da ake kira bawul, waɗanda su ne zuciyar kowace rediyo kafin zuwan taransisto. An ƙera su ne domin rediyon fagen daga da na'urorin hango jiragen abokan gaba. Da ƙura ta lafa sai gwamnati ta shiga gwanjonsu, arha kamar kyauta. Cikin waɗanda suka kwashi garaɓasa akwai Howard Anthony, mai wani ɗan ƙaramin kamfani a Benton Harbor, wani gari da ke bakin Tafkin Mishigan. A kayan da ya saya akwai tarin kwalaben majigi masu faɗin fuska inci 5, samfurin da ake kira 5BP1.

Irin wannan kwalba ita ce idon wata na'ura mai suna osiloskof. Aikinta shi ne ta zana motsin wutar lantarki a kan gilashi, mai gyara ya ga abin da ke gudana a cikin waya da idonsa maimakon ya yi ta lalube. A wancan zamani sai ɗakunan bincike da manyan shaguna ke iya mallakarta, ƙaramin mai gyaran rediyo kuwa sai dai ya kalle ta a hoto. Anthony ya sa aka tsara masa wata mai sauƙi a kan kwalaben gwanjon nan. Amma bai ɗauki ma'aikata su haɗa ta ba. Ya zuba kayan a kwali yadda suke a warwatse, ya cusa takardar bayani, ya raɗa mata suna O-1, ya yanka mata farashi dala 39.50. A 1947 ke nan. Oda ta yi ta kwarara ta gidan waya, sunan Heathkit ya shiga gidajen Amurka, bai fita ba sai bayan shekara 45.

Sunan kansa ya girmi sana'ar. Edward Bayard Heath, wanda aka haifa a 1888, maƙerin jiragen sama ne a birnin Shikago. A 1926 ya fito da wani ɗan jirgi mai cin mutum ɗaya, Heath Parasol, wanda ke tashi da injin babur samfurin Henderson. Mai so yana iya sayensa gunduwa-gunduwa, ya haɗa a bayan gida. Heath ya rasu a 1931 sa'ad da wani sabon jirgi da yake gwadawa ya faɗo da shi. Kamfanin ya durƙushe, Anthony ya saye shi a 1935, ya ci gaba da sayar da kayan jirage da rediyoyinsu. Ke nan dabarar sayar wa mutum abu a warwatse ya ƙarasa da kansa gadon gida ce, Anthony ya ɗauke ta daga jirgi ya kai ta kan tebur. Shi ma a haɗarin jirgin sama ya rasu, a 1954, kafin ya ga inda abin zai kai.

Ƙasar ma a shirye take da irin wannan ciniki. Tun da tashar KDKA ta Pittsburgh ta fara watsa shirye-shirye a Nuwamban 1920, yaran Amurka suka duƙufa haɗa rediyon da ba ta cin batir. Sukan naɗe siririyar wayar tagulla a jikin kwalin hatsin karin kumallo, su samo ɗan dutsen galena, su riƙa taɓa shi da bakin wata waya mai kaurin gashi har su dace da wurin da murya za ta fito a abin sawa a kunne. A 1922 hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka da kanta ta buga takardar koyar da yadda ake haɗa irin wannan rediyo a gida. Waɗannan yara su ne magidantan 1947. Ga kuma dubban samari da soja ta koya wa aikin rediyo, sun dawo gida hannu na ƙaiƙayi.

Sai dai sha'awa kaɗai ba ta riƙe kamfani. Abin da ya riƙe Heathkit lissafi ne mai sauƙi. A zamanin bawul, kowace waya da ke cikin rediyo hannun mutum ne ya yanke ta, ya feƙe bakinta, ya lanƙwasa ta a kan ƙafar soket, ya liƙe da dalma. A masana'antu layi-layi na ma'aikata, akasarinsu mata, ke wannan aiki daga safe zuwa yamma, kuma ladansu babban kaso ne na kuɗin na'urar. Wanda ya yarda ya yi aikin da kansa ya cire wannan kaso daga farashi. Kamar tela ne ya auna, ya yanka yadi, ya ba da zare da maɓallai, ya ce ɗinkin ya rage wa mai riga. Lokacin da mutum zai ɓata a banza bayan cin abincin dare ya zama kuɗi a aljihunsa, kuma abin da ya samu a ƙarshe yakan yi gogayya da na kanti mai tsada.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda daren farko yake. Kwali ya iso, an share teburin kicin ko na ɗakin ƙasa. A ciki akwai farantin ƙarfe da aka riga aka huda, ga taransifoma mai nauyi a naɗe, ga bawul kowanne a ɗan kwalinsa, ga ƙananan ambulan cike da noti da sukurori. Littafin bayani ba ya bari a taɓa ƙarfen liƙi tukuna. Umarnin farko shi ne a zazzage komai, a ƙirga, a gwada da jerin da ke shafin farko, wanda ke ɗauke da zanen kowane abu domin wanda bai san sunansa ba ya gane shi da kamanni. Littafin yakan ba da shawarar a aro farantin gasa kek mai gurabe daga wajen uwargida a rarraba ƙananan kaya a ciki, a kuma tsittsira ƙafafun rezisto a ramukan gefen kwali, a rubuta ƙimar kowanne a kusa da shi.

Rezisto shi ne darasi na farko. Ɗan abu ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, aikinsa rage ƙarfin wutar da ke wucewa, kuma ba a rubuta ƙimarsa da lamba sai da zoben launi. Baƙi sifiri ne, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, haka har zuwa fari da ke 9. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku kuwa yawan sifirin da za a jera a bayansu. Ruwan ƙasa, baƙi, ja: 1,000 ke nan. Idan zoben ƙarshe ruwan lemo ne, an koma 10,000. A ƙarƙashin fitila mai rauni, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ja da ruwan lemo 'yan uwan juna ne, kuma mutane da yawa sun kwana uku suna neman abin da ya hana na'ura aiki alhali wannan ɗan zoben ne. Shi ya sa littafin ke rubuta ƙimar da launukan tare a kowane mataki, ba ya gajiya da maimaitawa.

Kowane mataki layi ɗaya ne ko biyu, da gurbi a gabansa inda za a sa alamar fensir idan an gama. Yanki jar waya mai tsawo kaza, feƙe bakinta, haɗa ta daga ƙafa ta 3 ta wannan soket zuwa ƙafa ta 2 ta wancan. A ƙarshen layin akwai 'yar alama. NS na nufin kada a liƙe tukuna, akwai wata wayar da za ta zo nan. S-2 na nufin a liƙe yanzu, kuma dole a ga waya biyu a wurin. Wanda ya duba ya ga ɗaya ya san ya tsallake wani mataki a baya, tun kafin kuskuren ya binnu a ƙarƙashin wasu wayoyi hamsin. Wannan 'yar dabara ta fi ƙarfin a raina ta. Da ita littafin ke duba aikin mai haɗi alhali babu malami a ɗakin.

Sai liƙi, wanda shi ne ainihin sana'ar hannu a cikin abin duka. Dalmar da ake amfani da ita gauraye ce, kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, da ƙaron itace a tsakiyarta mai wanke tsatsa yayin da take narkewa. Sabon shiga yakan narka ta a bakin ƙarfe ya ɗiga a kan waya, abin ya daskare ya yi dunƙule mai duhu, a ido kamar ya kama, a aiki kuwa wuta na wucewa yau ta ƙi gobe. Littafin ya koyar da cewa mahaɗar ake gasawa, sai ta yi zafi a kawo dalma ta narke a kanta ta malale da kanta, ta bar wuri sumul yana sheƙi. Kamfanin ya sha rubutawa a littattafansa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na na'urorin da ake dawo masa da su don gyara, mugun liƙi ne da sakakkiyar mahaɗa ke damunsu. Ya kuma yi kashedi da babbar murya cewa wanda ya yi amfani da dalmar masu gyaran famfo, mai asid a ciki, ya zubar da garantinsa, domin asid ɗin zai ci gaba da cin wayoyi a hankali.

Wanda ya dubi tarihin nan da kyau zai ga cewa littafin shi ne babbar hajar kamfanin Heath. Rezisto da bawul kowa na iya saye a ko'ina. Abin da ba a samu a ko'ina shi ne bayanin da aka rubuta da tunanin mutumin da bai taɓa riƙe filaya ba. Kafin a saki sabuwar na'ura, akan ba wasu ma'aikatan kamfanin da ba injiniyoyi ba kwali da daftarin littafi su je su haɗa, duk inda suka yi tuntuɓe a gyara rubutun. Taken kamfanin alkawari ne ga mai saye cewa ba za su bar shi ya kasa ba, kuma sun tsaya a kansa: akwai masu amsa wasiƙa da waya, akwai wurin gyara, daga baya aka buɗe shaguna a birane da dama. A ƙarshen kowane littafi akwai cikakken zanen hanyoyin wuta, da bayanin yadda kowane sashe ke aiki, da jadawalin abin da za a duba idan an ga alama kaza. Wannan girmama mai saye ne irin wanda ya yi ƙaranci a kasuwar lantarki ta yau.

Waɗanda suka fi rungumar Heathkit su ne masu rediyon sha'awa, mutanen da ke da lasisin kafa 'yar tasha a gida su yi hira da takwarorinsu a wata nahiya ta gajeren zango. A tsakiyar shekarun 1950 aka fito musu da DX-100, na'urar aika murya mai nauyin kusan kilo 45. Wasu ƙananan samfura masu mariƙi a sama sun yi kama da akwatin abincin ɗan makaranta, har aka riƙa kiransu akwatin abincin Benton Harbor. Akwai Cantenna, wadda gwangwanin fenti ce da rezisto a ciki, mai saye ya cika ta da mai, ya riƙa gwada na'urarsa a kanta ba tare da ya dami kowa a iska ba. Gagarabadau a cikinsu ita ce HW-101, mai aikawa da karɓa, wadda ta fito a 1970 ta yi fiye da shekara goma a kasuwa. Haɗa ta aikin makonni ne, kuma wutar da ke cikinta ta kai ɗaruruwan bolt, tana iya kisa. Mutumin da ya gama ta, ya ɗaga eriya, ya ji wani daga ƙetaren teku ya amsa kiransa, ya san hanyar da muryarsa ta bi waya bayan waya.

Ba Heath kaɗai ke cin kasuwar ba. Akwai EICO a New York, da Knight-Kit na kamfanin Allied Radio a Shikago. Dynaco na David Hafler ya fito da amfilifayar Stereo 70 a 1959, wadda masu son kiɗa ke nema har gobe. Heath kansa ya buɗe reshe a Gloucester ta Ingila. Amma babu wanda ya kai shi faɗin kaya: ma'aunan gwaji, kayan sauti, agogo, na'urar gano zurfin ruwa ta masunta, har da molon coci mai aiki da lantarki na kamfanin Thomas.

Ƙololuwar abin ita ce talabijin mai launi, wadda ta shiga kundin kayansu a shekarun 1960. A lokacin talabijin mai launi ita ce na'ura mafi sarƙaƙiya da ke shiga gidan talaka, mai gyaranta ma sai ƙwararre. Heath ya ce akawu ko direba zai iya haɗa ta a gida. Sassan da suka fi wuya ko haɗari sukan zo a haɗe, sauran kuwa aikin mai saye ne. An kuma gina wata 'yar na'ura a cikin akwatin mai zana ɗigo-ɗigo a kan gilashi, domin mai ita ya daidaita ja da kore da shuɗi su hau kan juna ba tare da ya kira kowa ba. Samfurin GR-2000 na 1974, mai inci 25, yana nuna lambar tasha a kan gilashi tun abin yana sabo. Wasu makarantun koyo ta wasiƙa sun sa irin wannan talabijin a cikin darasinsu, ɗalibi ya gama kwas ya tashi da ilimi da akwatin kallo.

Masu haɗin sun haɗa da manya. Sanata Barry Goldwater na jihar Arizona, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1964, mai rediyon sha'awa ne da lambar kira K7UGA, kuma ya haɗa Heathkit fiye da 100. Amma shaidar da ta fi nauyi ta fito ne daga yara. Steve Jobs ya tashi a Mountain View ta Kalifoniya, inda wani maƙwabcinsu injiniyan kamfanin Hewlett-Packard ya nuna masa waɗannan kwalaye. A wata hira da aka yi da shi a 1995 domin taskar tarihi ta Smithsonian, ya bayyana cewa haɗa su ya cire masa ganin na'ura a matsayin abin sihiri. Ya gane cewa mutane ne suka yi ta, har yakan dubi talabijin ya ji cewa ko da bai taɓa haɗa irinta ba, zai iya. Wannan ji, a ganin mai wannan rubutu, ya fi duk dalolin da aka rage wa masu saye daraja.

Kwamfutar gida ma a kwali ta fara zuwa. A Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta sa Altair 8800 a bangonta, na'urar da kamfanin MITS na Ed Roberts ke sayarwa a warwatse daga Albuquerque a kan kusan dala 400. Domin ita Bill Gates da Paul Allen suka rubuta manhajar BASIC da ta zama harsashin Microsoft. Heath ya biyo baya a 1977 da H8 a kan dala 379, sai H89 a 1979, wadda ta haɗa allo da madannai a jiki ɗaya, sai mutum-mutumin koyo HERO 1 a 1982. A Ingila, Clive Sinclair ya sayar da ZX81 a 1981 a kan fam 49.95 ga mai haɗawa da kansa, fam 69.95 ga mai son haɗaɗɗiya.

Kwamfutocin ne suka jawo hankalin kamfanin Zenith. Kamfanin Heath ya riga ya sauya hannu sau biyu bayan rasuwar Anthony, da farko zuwa kamfanin Daystrom, sannan zuwa Schlumberger a 1962. A 1979 Zenith ya saye shi a kan dala miliyan 64.5, idonsa a kan kasuwar kwamfuta. A 1989 aka sake sayar da sashen kwamfutar, har da Heath, ga kamfanin Bull na Faransa. Kowane sabon mai gida ya ƙara nisa da teburin kicin.

Sai dai ko da masu gidan sun so, lissafin farko ya riga ya juye. Allon da aka buga hanyoyin wuta a kansa ya maye gurbin wayoyin hannu. Ɗan guntun siliki ɗaya ya haɗiye aikin ɗaruruwan rezisto da taransisto. Injuna suka koyi dasa kaya a kan allo su liƙe su gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi, kayan kuma suka yi ta ƙanƙancewa har suka fi ƙarfin yatsa da ƙarfen liƙin gida. Masana'antun Japan, sannan na Taiwan da Koriya ta Kudu, suka cika kantuna da rediyo da talabijin masu kyau da arha. Aka wayi gari ƙirga kaya ɗaya-ɗaya, da zuba su a ambulan, da rubuta littafi mai kauri, da biyan masu amsa tambaya, sun fi haɗa na'urar a masana'anta tsada. Yaran da a da za su nemi ƙarfen liƙi kuma sun koma rubuta manhaja. A Maris na 1992 Heath ya sanar da cewa ya bar sana'ar kwalin haɗi. Ya ci gaba da sayar da kayan koyarwa ga makarantu har ya rufe a 2012.

Babu wanda zai yi kukan arha. Iyalin da suka samu talabijin da kuɗin da a da ba zai sayi rabinta ba sun ci riba ta gaske. Amma an yi asarar wani abu da ba a sa shi a lissafi ba. Mai Heathkit yana da zanen na'urarsa a aljihun tebur, ya san lambar kowane abu da ke ciki, idan ta lalace bayan shekara goma yakan buɗe ta da sukundireba ya gyara. Na'urorin da suka gaje ta da yawa a manne suke da gam, babu zane, wani lokaci ma an yi su ne yadda buɗewa za ta lalata su. Gwagwarmayar da ake yi yau a Amurka da Turai ta neman doka ta tilasta wa kamfanoni sakin bayanan gyara da kayan canji, neman abin da ke zuwa kyauta ne a cikin kowane kwali daga Benton Harbor.

Sha'awar kanta ba ta mutu ba, ta sauya dalili. A 1998 aka kafa Elecraft a Kalifoniya, wanda rediyonsa K2 ta dawo wa masu rediyon sha'awa da dogayen dararen liƙi. Kamfanin SparkFun mai sayar da kayan haɗi ya buɗe a 2003. A 2005 injiniya Limor Fried ta kafa makamancinsa, Adafruit, a shekarar kuma wasu malamai a garin Ivrea na Italiya suka fito da allon Arduino domin ɗalibansu, suka saki zanensa ga duk mai so. 'Yar kwamfutar Raspberry Pi ta biyo baya daga Ingila a 2012. Tsofaffin littattafan Heath ana ta musayarsu a intanet, kuma akwai masu sayen HW-101 da ta kwana biyu su canja mata kayan da suka gaji su mayar da ita iska. Sunan Heathkit ma ya dawo a hannun sababbin masu shi, waɗanda a 2015 suka fito da wata 'yar rediyon matsakaicin zango mai suna Explorer Jr. a kan kusan dala 150, kuɗin da zai sayi haɗaɗɗun rediyoyi da yawa a kanti, kuma aka samu masu saye.